Tallar da Na Ƙi Karantawa

Kwanan baya aka miƙo mini takardar talla in karanta a shirina na safe. Wani kamfanin dillalai ne ke alƙawarin sama wa attajirai izinin zama na dindindin a Amurka ta hanyar zuba jari. Hausar ta tsaru, amma zaƙinta ne ya sa na yi turus. Sau uku ta ce "saya", ko sau ɗaya ba ta ce "asara" ba.

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa wannan tsari, EB-5, a 1990. Tun gyaran 2022, mafi ƙarancin jari dala 800,000 ne a karkara ko inda rashin aiki ya yi katutu, fiye da sefa miliyan 400 ke nan. Dole jarin ya samar wa mutum 10 cikakken aiki, kuma katin farko na shekara 2 ne, bisa sharaɗi. Tsarin bai yarda a ba ka tabbacin kuɗinka za su dawo ba. A 2016 aka bankaɗo badaƙalar Jay Peak a jihar Vermont, inda hukuma ta ce an karkatar da fiye da dala miliyan 200 na masu neman wannan kati.

Ba na ganin laifin mai son ƙaura da iyalinsa, kowa ya san inda yake masa ƙaiƙayi. Ƙorafina a kan marubucin tallar yake, da ya mai da kasada ciniki, ya kuma so aron muryar da masu sauraro suka amince da ita. Na mayar da takardar, na ce a saka kalmar da aka ɓoye. Har yau shiru.