Hannun da Ke Gina Rufewa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega bayan an ɗauke amfanin gona, ya wuce Bodinga da Shagari, ya doshi Dogon Daji da Tambuwal, zai riƙa hango rufewoyi suna leƙowa ta saman darni da katanga. In ya karkata kudu ya nufi Kebbe da Kuchi, inda ƙasa ke gangarawa zuwa gulbin Zamfara, haka zai ci gaba da ganinsu: wani gida biyu, wani gida biyar, wani wuri kuma an jera su a bayan gari. Ido ya saba da su har ya daina ganinsu. Da wuya ka ji wani ya tsaya ya tambaya wa ya gina, alhali kuwa a ganina babu wani gini a ƙasar Hausa da ya fi rufewa nuna gwanintar hannu.

Ga dalili. Ɗaki yana da tubali, yana da azara, yana da ginshiƙi. Rumbun kara yana da dirkoki da zana da igiya da ke ɗaure shi. Rufewa ba ta da ko ɗaya. Ƙasa ce da ciyawa da ruwa, sai hannun magini. Bangonta bai kai faɗin tafin hannu kauri ba, ga ta tsaye ta fi mutum biyu tsawo in babba ce, ta ɗauki abincin gida na shekara, kuma namiji ƙato ya hau wuyanta ya zauna ba ta ce uffan ba. Tukunya ce ƙatuwa da ba a gasa ba, kuma yadda ake ɗora tukunya haka ake ɗora ta.

Aikin daga ramin ƙasa yake farawa. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Mai yashi da yawa ba ta kamawa, tana bushewa sai ta zube. Mai danƙo tsantsa kuwa tana kamawa, amma da rana ta buge ta sai ta tsattsage. Magini yakan ɗebi 'yar kaɗan ya jiƙa ya murza tsakanin yatsu, daga nan ya san ko za ta yi ita kaɗai, ko sai an haɗa ta da wata. Sai a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa mai laushi, wasu su ƙara da kashin jaki, a zuba ruwa a tattaka da ƙafa har sai ta haɗu. Ba a ranar ake amfani da ita ba. Akan bar ta ta kwana, ta ƙara kwana, ana juyawa ana yayyafa ruwa, har ciyawar ta yi laushi ta shige jikin ƙasar. Wanda ya yi gaggawa a nan, duk gwanintarsa, ya riga ya ɓata aiki tun bai ɗora ba.

Sai gindi. Rufewa ba ta zama a ƙasa. Ana jera duwatsu, a shimfiɗa itatuwa masu ƙarfi a kansu, sannan a daɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Wannan ɗagawar magani uku ne a lokaci guda: ruwan damina ya wuce ta ƙasa bai taɓa ta ba, danshi bai hau ba, gara kuma ba ta samun hanyar ɓoye, domin duk inda ta yi gini a jikin dutse ido zai gani. Kaji ma sukan mai da wurin mafakarsu da tsakar rana, suna shan inuwa suna tsince ƙwarin da ya kuskura ya biyo.

Daga nan ne ake ganin gwani. Yaron magini na gefe yana mulmula ƙasa dogo-dogo yana miƙa masa. Shi kuma ya ɗora a bakin da'irar, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, yana matsawa yana murzawa sama, yana zagayawa da baya-baya har ya dawo inda ya fara. Hannun ciki ne ke tura bango waje, na waje kuma ke tare shi kada ya zarce, kuma tsakanin hannuwan nan biyu ne kauri da siffa ke fitowa. Ba ma'auni, ba igiyar awo, ba zane a takarda. Lokaci-lokaci sai ya ja da baya 'yan taku, ya karkata kai ya dubi aikin, ya dawo ya danna wani wuri da kai ba ka ga laifinsa ba. In ya ɗora kamar kamu ɗaya, sai ya wanke hannu, na yau ya ƙare. Dole sai wanda aka ɗora ya sha iska ya yi ƙarfin ɗaukar na gobe, amma kada ya bushe ƙarau har sabon ya ƙi kama shi. Sanin wannan tsakanin shi ne rabin sana'ar, kuma ba ya koyuwa da baki. Za ka ji yaro ya ce, “Baba, ai ga sauran ƙasa, mu ƙara mana.” Sai a ce masa, “Rufe ta da ciyawa, gobe ma rana ce.” Shi ya sa magini kan kama rufewa biyu ko uku a gidaje daban-daban, yana zagaya su, kuma shi ya sa ake aikin bayan ruwa ya ɗauke, lokacin da iska ta bushe.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda ciki ya gama buɗewa aka fara tsuke shi. Muddin bango na buɗewa waje, nauyinsa na neman tsage shi. Da ya fara komawa ciki, sai ya zama ɗanyar ƙasa ce rataye a kan wofi, ba abin da ya tokare ta sai ita kanta. Kowane zagaye na kama 'yan'uwansa, da'irar na riƙe kanta da kanta, har a kai wuya, a bar baki daidai shigar mutum. Masu karatun gine-gine suna da lissafinsu a kan dalilin da ya sa lanƙwasasshen bango siriri ke fin miƙaƙƙe mai kauri ƙarfi. Maginin Kebbe bai zauna ajin ba, amma hannunsa ya san amsar.

Abin ba na jiya ba ne. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa a 1826 har ajali ya riske shi a can a 1827, ya tsaya ya dubi irin waɗannan ma'ajiyai ya rubuta bayaninsu. Ya ambaci ɗora su a kan duwatsu, da tsawonsu na ƙafa 11 zuwa 12, da bangon da bai wuce inci 4 ba amma yana ɗaukar nauyin mutum, da hular ciyawar da ake kifa musu, ya kuma ce hatsi kan yi shekara biyu ko uku a ciki lafiya. Wanda ya karanta bayanin ya je bayan garin Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, zai ga kusan shekara 200 ba su sauya komai a siffar ba. Ba don an rasa dabara ba ne. Abin ne ya kai inda ba ya neman gyara.

Ginin rufewa aikin gida ne gaba ɗaya, kuma wannan na cikin abin da ke burge ni. Samari ke haƙo ƙasa su ɗauko a jaki ko amalanke. 'Yan mata da yara ke jigilar ruwa. Tattaka ƙasa kuwa ba a neman yara, su ke neman a bar su. Tsofaffi ke zama a inuwa suna yanta ciyawar boto, hular da za a kifa a kai, wadda in ba ita ruwan sama ɗaya zai narkar da wuyan. Uwargida na can tana dama fura don ma'aikata. In an gama a shafe jikin, wasu da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin ƙasa. Akwai maginin da ba ya sauka sai ya ja 'yan layuka da yatsa a wuyan, ko ya bar 'yan tudu-tudu a jiki, waɗanda ado ne kuma matakala ne. A gefe kuwa za ka tarar yara sun saci kwaɓaɓɓiyar ƙasa sun gina tasu 'yar mitsitsiya, har da tsakuwa uku a gindi da marfin ganye. Yawancin magina daga nan suka fara.

Zuba hatsin ma wani fanni ne. Ba a sussuke gero kafin a ajiye, da zangarniyarsa ake sa shi, bayan ya bushe sarai. Mutum ɗaya ya hau tsani ya shiga ciki, ana miƙo masa, yana jerawa yana dannawa, kada ya bar gurbin da ɓera zai yi ɗaki. Wasu kan shimfiɗa toka ko ganyen dogon yaro tsakanin sahu da sahu. Ƙwaya a cikin zangarniya tana da rigarta, ƙwaro ba ya samun ta da sauƙi, bangon ƙasa kuma ba ya yin gumi irin na kwano, ba ya ɗaukar zafi farat ɗaya ya sake shi farat ɗaya. Gero ya fi jurewa, dawa na biye, wake ne dai mai rigima, shi sai an yi masa dabara ta daban.

Amma rufewa ba ajiya kaɗai take yi ba, lissafi take tilasta wa mai gida. Manomi da dami yake ƙirga arzikinsa, ba da naira ba. Kafin a ɗora dami na farko a tsani an fid da zakka: in amfanin ya kai nisabi, sa'i 300, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa. An ware iri, zangarniyoyin da suka fi cika, an rataye su daban. An ba dangi da malamai da masu taya aiki nasu. Abin da ya rage shi ne cin gida, kuma mai gida ya san dami nawa ke kai su mako, ya san ko zai kai su sabon gero ko kuwa dole wani ya tafi cin rani a rage baki. A gidajen gandu akan liƙe babbar rufewa da ƙasa, ba a fasa ta sai ruwa ya sauka, lokacin da aikin gona ke neman ƙarfi, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Matan gida na da nasu ƙananan ma'ajiyai na abin da suka samu daga gayaunarsu ko sana'arsu, wanda ba a taɓawa sai da izininsu. Ita rufewa ba ta da ƙofa a ƙasa. Kafin ka ɗebo sai ka ɗauko tsani, ka ɗaga boto, gida duka na kallo. Wannan 'yar wahalar ta hana hatsi da yawa zama kuɗin kashewa a ranar kasuwa.

Mutanen da suka tsara haka sun ga abin da ya koya musu. Sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, sun ga 'Yar Buhu a 1927, 'ya'yansu da jikokinsu sun ga farin 1973 da na 1984. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, wani lokaci ma ta yi gardama, gidan da ke da tsohon hatsi in sabo ya zo shi ake kira gidan rufin asiri.

Yau abubuwa sun juya. Da yawa sun koma sussuka da inji, a ɗura a buhu, a jibge a shago ko ɗakin kwano, a bi da maganin ƙwari. Maganin nan kuwa, in an wuce ƙima, cikinmu yake komawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a jikinsa, mu kuwa nan muka ci gaba da ci. Ba na cewa duk sabon abu sharri ne. Buhun nan mai ruɓi uku da ba ya shan iska, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, ya warware matsalar wake ba tare da magani ba, kuma ya cancanci yabo. Akwai kuma dalili mai ɗaci: a ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, har da wasu na wajen Kebbe da maƙwabtansu na Zamfara, rufewa cike ta zama abin da ake fasawa ko a cinna wa wuta, don haka mutane ke sayarwa tun da kaka ko su kai ajiya gari. Ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai wanda ya sayar da kaka a arha, shi ne zai saya da damina a tsada, kuma hatsin da ke buhu a bakin ƙofa ya fi saurin tafiya.

Abin da ya fi damuna ba rufewoyin ba ne, hannuwan ne. Wadda aka gina da kyau, ana sabunta mata boto ana liƙe tsaga, takan yi shekaru masu yawa, saboda haka gari na iya cika da su alhali masu iya ɗora sabuwa sun kusa ƙarewa, ba wanda ya lura. Makarantun koyon sana'a suna koyar da ginin bulo da walda, amma wannan sai a gindin mai ita. Kai da ke da ƙane ko ɗa da ke zaune ba aiki da rani, in ka ji za a ɗora rufewa a unguwarku bana, tura shi ya je ya miƙa wa magini ƙasa, ya tsaya har a kai wuya.