Tsohon Rale Ba Kayan Bola Ba Ne

Ranar da aka ɗora keken mahaifinmu a kan sikeli ba na gida. Ƙanena ne ya gaji da ganinsa jingine a zaure, tayoyi a sace, kaca ta ci tsatsa, sai ya kira baban bola. Abin da aka ba shi bai kai kuɗin cefanen kwana biyu ba. Baƙin Rale ne mai birkin ƙarfe, da shi Baba ya yi shekara da shekaru yana zuwa aiki, a kan sandarsa kuma aka fara kai ni makaranta. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa. Ma'aikatan da suka jingine babura sun koma taka feda, masu faci sun samu ciniki, matasa kuma sun bazama neman tsofaffin kekuna a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, da ɗakunan ajiyar gidajen kakanninsu. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai. Damuwata ita ce abin da wasu ke yi wa keken bayan sun same shi.

Rale daga birnin Nottingham na Ingila ya fito, tun wajen 1887, kuma ya karɓu a ƙasar nan har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. A zamanin iyayenmu, malamin makaranta ko manomin gyaɗa da ya sayi Rale ya zama abin kwatance a gari. Daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka shigo da sauƙin kuɗi. A 2002 aka daina ƙera keke a Nottingham, saboda haka duk wanda aka narkar ya tafi ke nan.

Gane na asali ba wuya. Ka duba goshin keken, za ka ga tambari mai kan zalɓe, sau da yawa ma akwai zalɓen a jikin farantin kaca. In mai giya uku ne, ka goge cibiyar tayar baya da tsumma: kamfanin da ke ƙera ta, Sturmey-Archer, kan buga wata da shekarar ƙira a jikinta. Kada tsatsa ta firgita ka, yawancinta a sama take, kananzir da soson ƙarfe sun ishe ta. Abin gudu shi ne firam da ya lanƙwashe ko ya tsage. Sauran duk ana samu a kasuwa: boris, kaca, robar birki, taya mai inci 28. Na zauna wurin wani dattijon mai gyara a unguwarmu ina kallo ya kwance wani da aka tsinto a turken awaki. Ya jiƙa boris ɗin a gwangwanin kananzir, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa, ya shafa giris ya mayar. Da ya juya tayar, sai da muka gama gaisawa da wani baƙo ba ta tsaya ba.

To, irin wannan keken ne yanzu ake ɗaura wa ƙaramin inji ɗan Sin, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, a ce an yi babur. Na san dalilin, tafiya da nisa, rana da zafi, kuɗin babur kuma ya fi ƙarfin talaka. Amma birkin ƙarfe an yi shi ne daidai gudun ƙafar mutum. In ruwa ya jiƙa wilin, ko da feda kake sai ka matse tun daga nesa kafin ya kama, balle inji na tura ka. Haƙoran da injin ke jan tayar baya da su a jikin wayoyin wili ake ɗaure su, a hankali su sassauta su, wilin ya karkace. Mafi muni shi ne a yi walda wajen ɗaura injin. Bututun Rale da tagulla aka haɗa su, ƙarfen kuma siriri ne, wutar mai walda na taɓa shi ta raunana wurin, girgizar inji ta ƙarasa shi. Keken da ya yi shekara 50 lafiya sai ya karye a kan titi da mutum a kansa.

Wanda ya matsu da inji ya nemi keken gwanjo na zamani mai kaurin firam da birki mai kamawa, suna nan jibge a kasuwa, ya ɗaura da noti ba tare da ya huda ko ya ƙona komai ba. Tsohon Rale kuwa a bar shi yadda maƙeransa suka yi shi, a wanke, a sa giris, a hau.

Ɗan'uwa, in akwai irinsa jingine a gidanku, kafin ka amsa kiran baban bola ka tura shi wurin mai gyara ya duba maka firam ɗin tukuna.