Kwana Casa'in da Hannun Mai Bayarwa

A Zongon Kwatano da wuya a sami gidan Bahaushe mai telebijin da bai san Kwana Casa'in ba. Tashar Arewa24 ta fara nuna wannan wasa a 2019. Labarin wata jiha ce ta ƙage mai suna Alfawa, inda Gwamna Bawa Maikada, wato Sani Mu'azu, yake kokawar mulki da Malam Adamu, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a matsayinsa.

Abin da ya kama ni a ciki shi ne kyauta. Masu wasan sun gane cewa babban mutum ba ya sayen talaka da bulala, da alheri yake sayensa. A ba ka kuɗin magani yau, gobe ranar zaɓe a zo karɓar bashi, kai kuwa kunya ta riga ta ɗaure maka baki. Sani Mu'azu ya iya wannan ƙwarai, gama fara'arsa ta fi fushinsa ban tsoro.

Amma ina da magana da su. Ita kanta Arewa24 kyauta ce ta haife ta. Ƙungiyar Equal Access ce ta kafa ta a 2014 da kuɗin Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka, domin a janye matasa daga tashin hankali. Nufin yana da kyau, ban musa ba. Sai dai a ganina idon wasan ya fi kaifi a kan mai bayarwa na gida. Na ƙetare, mai farar mota da takardun sa hannu, bai sha irin wannan bincike ba, ko da yake shi ma yana da abin da yake so. A 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, dakunan magani da yawa a Afirka suka gane cewa ba su ne masu riƙe da igiyar ba.

Mu ma na ikkilisiya kada mu yi saurin tafa hannu. Ranar bikin godiya mukan kira sunan wanda ya ba da sefa dubu hamsin, a buga masa ganga, mako na gaba kuma a ba shi kujera a kwamitin taimako. Gwauruwar da take tallar koko tun asuba tana ciyar da marayun maƙwabciyarta, Musulma ce ko Kirista, ba ta cikin littafin sakatare. Ita na so in gani a Alfawa, a ba ta ko da mako ɗaya.