3.3 Tasirin Zanen Barkwanci a Kan Littattafan Dr. Seuss

A sashen da ya gabata an yi bayanin adabin yara da sigoginsa. A wannan sashe kuwa za a dubi rayuwar Theodor Seuss Geisel, wanda aka fi sani da Dr. Seuss, domin a nuna cewa sana'arsa ta farko, wato zanen barkwanci, ita ce tushen ƙarfin littattafansa, ita ce kuma tushen rauninsu.

An haifi Geisel a garin Springfield na jihar Massachusetts ta Amurka ranar 2 ga Maris, 1904. Ya kammala Kwalejin Dartmouth a 1925, sannan ya tafi Jami'ar Oxford a Ingila, amma bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana zana tallar maganin ƙwari na Flit kafin littafinsa na yara na farko, And to Think That I Saw It on Mulberry Street, ya fito a 1937, bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓar sa.

Mai zanen barkwanci da abu biyu yake aiki: taƙaitawa da kambamawa. An fi ganin amfaninsu a The Cat in the Hat na 1957. A 1954 John Hersey ya koka a mujallar Life cewa littattafan koyon karatu na makarantu ba su da armashi. Daga baya William Spaulding na kamfanin Houghton Mifflin ya ba Geisel jerin kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya karantawa, ya nemi ya gina labari da su. Da kalmomi 236 kacal ya gina shi. Labarin kansa gajere ne: yara biyu a gida ranar ruwan sama, uwa ta fita, kyanwa mai doguwar hula ta shigo ta hargitsa gidan, kifi yana ta gargaɗi ba mai saurare. Abin da kalmomin suka kasa ɗauka, zane ya ɗauka. Yaron da bai iya karatu ba zai ga kyanwar tsaye kan ƙwallo, ɗauke da tarkace, ya san faɗuwa na tafe. Haka nan kuma amsa-amo yana taimaka masa ya cinki kalmar da za ta rufe layi. A Green Eggs and Ham na 1960, kalmomi 50 ne kawai.

Sai dai kambamawar da ke ba da dariya a jikin kyanwa takan zama cin mutunci a fuskar ɗan'adam. Tsakanin 1941 da 1943 Geisel ya yi wa jaridar PM ta New York zanen siyasa fiye da 400. Ya soki Hitler da ƙyamar Yahudawa, amma a Fabrairun 1942 ya zana Amurkawa 'yan asalin Japan a jere, duk fuska ɗaya, suna karɓar nakiya. Kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umurnin da ya kai ga tsare fiye da mutum 100,000 daga cikinsu. Wannan ɗabi'a ta bi shi har cikin littattafan yara. A If I Ran the Zoo na 1950 akwai 'yan Afirka biyu da aka zana ba takalmi, da ɗan bante na ciyawa, da kamanni irin na birai.

Masu kare shi sukan kawo Horton Hears a Who! na 1954, wanda ya rubuta bayan ziyarar Japan a 1953, da The Sneetches na 1961, masu jigon daraja ɗan'adam komai ƙanƙantarsa ko kamanninsa. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar jigo, amma ba ta wanke zanen ba, domin yaro yakan ga hoto kafin ya gane jigo. Shi kansa Geisel ya yi gyara a 1978, inda ya cire launin rawaya da doguwar kitso daga hoton Basinen da ke littafinsa na farko, amma ya bar masa kwanon da tsinken cin abincin.

Geisel ya rasu a La Jolla ta jihar Kalifoniya ranar 24 ga Satumba, 1991. Ranar 2 ga Maris, 2021, kamfanin da ke kula da ayyukansa ya sanar da daina buga littattafansa shida saboda irin waɗannan hotuna, ciki har da na 1937 da na 1950 da aka ambata.