Murya da Sauti a Rubutun Japan: Sharhi kan Hanyar Heisig ta Koyon Kanji

Akwai wani littafi da ya daɗe yana yawo a hannun masu koyon harshen Japan, sunansa Remembering the Kanji, watau tuna haruffan kanji. James Heisig ne ya wallafa shi a 1977, wani Ba'amurke masanin falsafa da addinai wanda ya yi shekaru da yawa yana aiki a Jami'ar Nanzan ta birnin Nagoya. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, an sake buga shi sau da dama, har an juya shi zuwa Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in auna hanyar koyarwarsa da haruffa biyu tak, 声 da 音, na farko murya, na biyu sauti. Dalilin zaɓensu kuwa, littafin yana koyar da rubutu ne ba tare da furuci ba, saboda haka babu inda ya fi dacewa a gwada shi kamar a kan haruffan da aikinsu ke nan su ambaci abin da kunne ke ji.

Kanji dai haruffa ne da Japanawa suka aro daga ƙasar Sin fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Kowane harafi yana ɗauke da ma'ana, kuma galibi yana da karatu iri biyu, ɗaya na aro daga Sinanci, ɗaya na asalin Japananci. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 don amfanin yau da kullum ya ƙunshi haruffa 2,136, kuma yaro yakan koyi 1,026 daga ciki kafin ya gama firamare. Harafin 音 mai zane 9 a aji ɗaya ake koyar da shi, shi kuwa 声 mai zane 7 a aji biyu. Ke nan ba wasu haruffa ne masu wuya ba.

Hujjar Heisig ita ce, baligi baƙo ba yaron Japan ba ne. Yaron ya riga ya iya maganar tun a gida, rubutu kawai ya rage masa, kuma yana da shekaru a gabansa na maimaitawa. Baƙo kuwa idan aka ɗora masa siffa da ma'ana da karatu a lokaci guda, kayan sun yi masa nauyi. Sai ya ce a raba aikin. A juzu'i na farko ɗalibi zai koyi yadda ake zana harafi da ma'anarsa guda ɗaya, a cikin kalmar Ingilishi ɗaya. Za a farfasa harafin gunduwa-gunduwa, a ba kowace gunduwa suna, sa'an nan a ƙulla ɗan labari da zai haɗa su a ƙwaƙwalwa. Karatu sai a juzu'i na biyu.

Ba za a ƙi yaba wannan dabara ba, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san irinta. Malamanmu sun laƙaba wa haruffan Larabci sunaye bisa kamanninsu, irin su ba-guje da mim-jaye da ha-kuri, kuma sai yaro ya iya babbaƙu kafin a kai shi farfaru. Amma fa akwai bambanci. Ɗan makarantar allo ba ya yin shiru ko a rana ta farko, da baki yake biya abin da ido ya gani. Ɗalibin Heisig kuwa yana iya zana haruffa dubu biyu bai furta ko kalma ɗaya ta Japananci ba.

To, mu dubi 音. Ido zai ga 立 a sama, mai nufin tsayuwa, da wani abu kamar 日 a ƙasa, mai nufin rana. Ɗalibi sai ya ƙirƙiro labari, alal misali ya ce idan rana ta tsaya tsaka gari yakan cika da hayaniya. Labarin zai zauna, harafin ma zai zauna. Sai dai babu tsayuwa babu rana a asalin wannan harafi. A tsoffin rubuce-rubucen Sin, 音 ɗan'uwan 言 ne, harafin magana, an dai ƙara ɗan zane guda a cikin bakin da ke ƙasa don a nuna abin da ke fitowa daga cikinsa. Shi kuma 声 guntu ne na tsohon harafi 聲 mai zane 17, wanda aka taƙaita a hukumance cikin gyaran rubutu da aka yi a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohon harafin hoto ne cikakke: ga dutsen kiɗa a rataye, ga hannu riƙe da abin bugu, ga kunne a ƙasa yana sauraro. Wanda ya taɓa jin labarin duwatsun Birnin Kudu da ake bugawa su yi amo kamar kuge, ba zai yi mamakin a yi kiɗa da dutse ba. Da aka zo taƙaitawa sai aka yar da hannun da kunnen, aka bar dutsen shi kaɗai.

Abin mamakin a nan shi ne, harafin da a yau yake nufin muryar mutum daga bugun dutse ya samo asali, wanda kuma yake nufin ƙarar abubuwa daga bakin mutum ya fito. A tsohon littafin Sin na ladubba da ake kira Liji, a babin kiɗa, an ɗauki 聲 a matsayin ɗanyen sauti wanda ko dabba tana ganewa, 音 kuwa sautin da aka tsara. Heisig bai yi da'awar cewa labaransa tarihi ne ba, wannan gaskiya ce, kuma ba a kama mutum da laifin abin da bai yi alkawari ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, a wannan gaɓa labarin gaskiya ya fi na ƙirƙira saurin shiga kai, kuma yana da amfani gaba, domin shi ne zai fahimtar da ɗalibi abin da zai tarar a cikin adabi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar da ake ba mai koyo ita ce koe, karatun 声, na masu rai ne, oto kuwa, karatun 音, na marasa rai. Mutum da kare da tsuntsu suna da koe, ruwan sama da ƙofa da takun ƙafa suna da oto. A magana ta yau da kullum wannan ya wadatar. Amma da an buɗe littafin adabi sai iyakar ta fara motsi. Labarin Heike, wanda ya ba da tarihin yaƙin gidajen Taira da Minamoto na ƙarni na 12, da ambaton ƙararrawar wani wurin ibada ya buɗe, kuma koe aka ba ƙararrawar. Ƙarfe ne, ba shi da rai, amma marubucin ya ɗauke shi mai wa'azi ne game da gushewar duniya, shi ya sa ya ba shi murya. Matsuo Basho, mashahurin mawaƙin haiku, a waƙarsa ta 1689 da ya yi a wani wurin ibada na kan dutse a yankin Yamagata, murya ya ba semi, wani ƙwaro mai tsananin kuka a lokacin zafi. A waƙarsa ta kwaɗo ta 1686 kuwa akasin haka ya yi. Mawaƙan Japan sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna yabon muryar kwaɗo, tun daga gabatarwar kundin Kokinshu na farkon ƙarni na 10. Basho sai ya rufe wa kwaɗon baki, ya bar mai sauraro da oto na ruwa lokacin da ya faɗa tafki. Babban ɓangare na armashin waƙar yana cikin wannan zaɓi na kalma ɗaya a madadin wadda aka saba ji. Wanda abin da ya sani kawai shi ne 音 daidai yake da wata kalmar Ingilishi, zai karanta ta ya ce, to sai me?

Har ila yau 音 yana da wani karatun na gida, watau ne, wanda ya faɗo tsakanin biyun. Shi ake faɗa ga sauti mai daɗi ko mai taɓa zuciya, kamar na sarewa ko ƙararrawa ko kukan ƙwari da kaka. Daga nan aka sami neiro, launin sauti, da kuma honne, watau abin da ke cikin zuciyar mutum na haƙiƙa saɓanin wanda yake nunawa a bainar jama'a. Dubi yadda harafin da aka ce na marasa rai ne ya koma sunan sirrin zuciya. Kalma ɗaya ta Ingilishi ba ta da wurin ajiye wannan.

Sa'an nan ga karatun aro. 音 yakan zama on a cikin ongaku, kiɗa, da hatsuon, furuci, ya kuma zama in a cikin boin, wasali. 声 yakan zama sei a cikin meisei, shahara. Idan aka haɗa su aka rubuta 音声 sai a karanta onsei, sautin magana, kuma daga nan sunan ilimin furuci ya fito, onseigaku. Idan aka juya su aka rubuta 声音 sai a karanta kowane, yanayin muryar mutum. Akwai ma 声明 da ake karantawa seimei idan sanarwar hukuma ce, shomyo idan rera addu'ar mabiya Buddha ce. Babu yadda za a san wanne ne sai an san kalmar. Magoya bayan Heisig za su ce ai juzu'i na biyu ya tanadi wannan. Haka ne, amma kafin a kai can an riga an kafa wa ɗalibi ɗabi'ar ganin harafi ya ji Ingilishi a kansa, kuma cire wannan wani aiki ne na daban.

Wannan batu na ƙarshe ya fi shafar mu. Bahaushen da ya ɗauki littafin zai bi ta Ingilishi ne ya shiga Japananci, alhali harshensa ya fi kusa da abin da ake nema a wannan fage. Muna da murya, da sauti wanda muka aro daga Larabci, da ƙara, da amo, da kuka. Mukan ce ganga tana da amo, mukan ce ƙofa ta yi ƙara, mukan ce makaɗi ya sa kalangu magana. Kuka kuwa na jariri ne, na kura ne, na tsuntsu ne, kamar yadda naku ta Japananci take ɗaukar kukan mutum da na dabba duka, sai a rubutu ne ake bambanta su da 泣 da 鳴. Amo ya fi kowace kalmar Ingilishi kusa da ne, ko da yake bai rufe ta duka ba.

Shawarata ga ɗalibin da ya riga ya sayi littafin ita ce ya riƙe tsarin farfasa harafi da bin zane daki-daki, domin a nan littafin ya yi zarra. Amma ranar da ya zana 声 ya furta koe, ya haɗa da ogoe, babbar murya, da nakigoe, kukan dabba. Ranar da ya zana 音 ya furta oto da ashioto, takun ƙafa, da neiro. A gefen shafin kuma, inda aka sa kalmar Ingilishi, ya rubuta nasa na Hausa, ko da sun kai uku.