Shaidar Fatalwa a Littafin 'Yan Sanda: Tarke a kan Jerin *Rivers of London*

Wannan maƙala za ta dubi jerin ƙagaggun labaran Ben Aaronovitch, wanda ya faro da *Rivers of London* a 2011, ta fuskar matsala guda: yaya labarin binciken laifi zai tsaya da ƙafarsa a duniyar da sihiri ke aiki? Ginshiƙin irin wannan labari shi ne hujja. Idan kuwa mai laifi na iya shiga jikin wani ya yi kisa, to, hujja ta zama wasan yara.

Marubucin ya tunkari matsalar tun a babin farko. Tauraron, Peter Grant, ƙaramin ɗan sanda ne da aka sa gadin wurin da aka yi kisa a Covent Garden, cikin birnin Landan. Sai ga fatalwa ta ce a gabanta aka yi. Maimakon ya ranta a na kare, sai ya zaro littafinsa ya ɗauki bayaninta kamar na kowane mai shaida. Daga nan ya zama almajirin Thomas Nightingale, jami'in da ke kula da laifuffukan sihiri.

A ganina, ƙarfin jerin yana cikin harshensa ne. Grant ne ke ba da labari da bakinsa, cikin karin 'yan sanda mai cike da taƙaitattun sunaye da ba'a, alhali kalmomin tsafin da yake koyo na Latin ne, bisa tsarin da labarin ya jingina wa Isaac Newton. Gogayyar waɗannan rukunan harshe biyu ita ce ke ɗaure sihirin da ƙa'ida: ana gwada shi, yana lalata wayar hannu, yana cin ƙwaƙwalwar wanda ya wuce gona da iri. Ta haka mai karatu ke samun abin da zai auna. Wanda ya saba da *Ganɗoki*, inda sai tauraro ya bar gida kafin ya riski ƙasar aljannu, zai lura cewa a nan iskokin suna da adireshi a birni. Uwar kogin Thames ma 'yar Nijeriya ce da ta je koyon aikin jinya.

Sai dai zubin bai kai salon ba. Farautar babban mugun, matsafi mai ɓoye fuska, ta faro a *Moon Over Soho* (2011), ba ta ƙare ba sai a *Lies Sleeping* (2018), har laifin da kowane littafi ya buɗe da shi yakan zama ɗan rakiya. Cin amanar da Lesley May ta yi a ƙarshen *Broken Homes* (2013) ta girgiza ni ƙwarai, amma binciken da ya kai mu can na manta rabinsa.