Kunne Ba Ya Karanta Lambar da Ke Jikin Kwali

'Yan uwa, akwai wata na'ura da masu son sauti a nan Ingila ke zuba wa kuɗi, sunanta DAC. Aikinta ɗaya ne: ta karɓi lambobin da aka adana waƙa da su a waya ko kwamfuta, ta mayar da su wutar da ke kaɗa lasifika. Kowace waya tana da tata. Amma sai ka tarar da ta dubban fam, an rangaɗa mata bit 32 da kilohaz 768 a kwali. Ni kam ina da ja.

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 bit 16 ne, wato tazarar desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni. Bit 24 a lissafi 144 ne, sai dai babu na'urar da ta kai can. Duk ƙarfen da lantarki ke bi yana da ɗan "shuuu" nasa saboda ɗumi, abin da John Johnson ya wallafa tun 1928. Wannan hayaniya ke tsayar da DAC mafi kyau a wajen bit 21 zuwa 22. Sauran ado ne. Rawar agogon na'urar, da 'yan talla ke tsorata mutane da ita, ta yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa ko a na'urori masu araha na yau. Inda ake jin bambanci shi ne lasifika, da ɗaki, da yadda aka ɗauki sautin tun farko.

Sai kunnen kansa, wanda nan ne fagena. Yaro na ji har kilohaz 20, CD kuwa na ɗaukar 22. Mu da muka haura arba'in, da yawanmu a wajen 15 muke tsayawa. Falo mai shiru yana da hayaniyar wajen desibel 30. Kafin ka ji tazarar 120 a kanta, sai sautin ya kai 150, nan take kunne ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ne iyakar babba.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Waƙar Shata da aka kwafo daga kaset, ko DAC ta zinare ce, da shuuu ɗinta za ta fito. Sayi matsakaiciya, ka gyara zaman lasifika, ka rage ƙara. Canjin da ya rage, akwai masu jiransa a gida.